Rudun Albasa a Dandin Mahe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Almu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta ishe ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka lafiya, gajiya ta bi lafiya, ka sami ɗaki da abokan zama na kirki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Kawunka Sanda ya ce in gaya maka kada ka sayi abin da ba ka fito saye ba. Ka san shi, iyakar gaisuwarsa ke nan. Allah ya tsare mini kai daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya kiyashe ka da mugun ji da mugun gani, ya sa ka fara a sa'a.

Cikin buhun wake na cusa takardar ga, don na san ba za ka kwance shi ba sai yunwa ta kama ka a jami'a, ka yi nisa da ni. Da gangan na yi haka. Akwai maganar da na so in yi maka baki da baki, na kasa. Sau biyu ina kiranka a fadama, in ka zo ka durƙusa sai in ce ka duba mini injin ban-ruwa, alhali lafiyarsa lau. Ni Garba, da ake cewa ko kurma na samu sai mun yi hira, yau ga ni ina ɓuya bayan alƙalami. To, bari in faɗa in huta: Almu, hannuna ka ɗauko.

Kada ka yi musu, da idona na gani. Watan jiya, ranar kasuwar Boɗinga, ina zaune rumfar tela kana teburin mai shayi da abokanka, ba ka san ina kallonka ba. Ranar ce anka biya ka ladan dashen da ka yi wa maƙwabcinmu, kwana shida baya a duƙe. Na ga ka karkata kafaɗa, ka zura hannu aljihu, ka ce, "Kowa shi sha, ni ka biya." Har da ƙwai! Wallahi yadda ka karkata kafaɗar nan, sai na ga kaina ina ɗan shekara ashirin. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kafin in kai gida daɗin ya koma tsoro, don na san inda wagga hanya take kai mutum. Na bi ta har ƙarshenta, kuma kai ne ka biya kuɗin tafiyar.

Ka san dai a noman albasa ba wanda zai ce mini kauce a Danchadi. Allah ya ba ni hannu. Amma shekara da shekaru, ranar da anka cire albasa anka yanke lawashi, tun ba ta gama shan iska ba nake kiran dillali. Lokacin kuwa kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika ta batse, buhu ya faɗi warwas. Na sani sarai in na jira wata biyar ko shida farashi zai tashi. Ba rashin sani ba ne, ƙaiƙayi ne. So nake in ji nauyin kuɗi a aljihu, in shiga kasuwa ana "Sannu da zuwa, Malam Garba" ta ko'ina. In sun shigo kuma ba wani babban abu nake saye ba da zan nuna maka yau in ce ga shi. Shayi da burodi ga duk wanda ya zauna kusa da ni, goro, tsire, katin waya, sabuwar hula alhali guda biyar na rataye a ƙusa, takalmi don kawai mai shago ya ce ya dace da ƙafata. Kafin ruwan farko ya sauka, aljihu ya koma yadda tela ya ɗinka shi. In innarka ta tambaye ni ina kuɗin albasa, sai in yi ta kallon yatsuna, in rasa inda sunka shiga.

Saboda haka, ɗana, kada ka tsaya bakin ƙofa kana jiran babban ɓarawo. Gara ce ke cin rumbu irin namu, kaɗan-kaɗan, ba ta ƙara. Duk abin da ka ji ranka ya ce, "Wanga ai ba komai ba ne," shi za ka tsaya ka kalla da kyau. In ka ga abu a kasuwa ya ba ka sha'awa, bar shi ya kwana. In gari ya waye kana tuna shi, ka koma. Ni na gwada daga baya, cikin goma da na bari sunka kwana da kyar nake tuna ɗaya.

Yanzu ga babbar, wadda ta hana ni kallon idonka. Shekara uku da sunka wuce ka ci jarrabawa, jami'a ta ba ka gurbi. Ka tuna yadda ka shigo gida da takarda a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a zaure? A shekarar na yi ƙoƙari irin nawa, na ware kuɗin makarantarka na sa ƙasan akwati, ko da yake na yi ta yagar gefensu. Abin da ya rage zai isa, daidai wa daida. Munka shirya ranar Litinin mu tafi banki a biya. Ranar Asabar kuwa ana ɗaurin auren ɗan wani abokina a Shagari. Da zan fita sai na buɗe akwati na ɗauki kuɗin na sa aljihu. Na gaya wa kaina wai tsoron ɓarayi nake ji. Ƙarya ce, Almu. Wane ɓarawo, a gidan da innarka ke zaune? So nake in shiga taro da nauyi a aljihu, ko ban taɓa ko sisi ba.

Bayan an shafa fatiha anka fito fili, makaɗa sunka ɗauka. Akwai maroƙin nan Labbo, mai jar hula, wanda tun ina saurayi yake cin kuɗina. Yana hango ni ya bar kowa ya nufo ni yana ɗaga hannu: "Garba na Danchadi! Ruwan hwadama, kowa yaz zo shi ɗiba! Garba da bai san babu ba!" Na daure, na yi kamar ba da ni yake ba. Sai wani ɗan kasuwa da ke gefena ya tashi ya yi liƙi. Labbo ya juyo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe hwadama ta ƙahe bana? To, Allah shi jiƙan ruwa!" Jama'a sunka kwashe da dariya, kaina ya ɗauki zafi. Na ce bari in ɗan taɓa kaɗan in rufe bakinsa, Litinin in sayar da gero in cike. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Na liƙa wa makaɗa, na liƙa wa ango, na cika hannun Labbo, na yi wa abokina gudummawar rago nan take. Har ɗaga hannuna anka yi sama, mata na guɗa daga cikin gida. Na hau babur ina jin kaina wani basarake. Sai da na kusa Boɗinga iska ta buge ni, na tsaya gefen titi na laluba aljihu. Abin da na tarar ko kuɗin motarka ba zai yi ba.

Geron da na ce zan sayar kuwa, damina ta yi tsakiya, abin da ke rumbu shi za mu ci har kaka. Na zagaya wurin waɗanda sunka sha shayina shekara da shekaru, kowa ya ba ni haƙuri mai kyau ya raka ni bakin ƙofa. Ranar rufe biya ta zo ta wuce. Innarka ba ta ɗaga murya ba. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, kai ka sha kiɗi. Shi yaron mi za shi sha?" Kai kuma da na kira ka ina ta kame-kame, sai ka ce, "Ba komai, Baba, Allah bai yi ba." Ka ninke takardar gida huɗu, ka ɗauki fartanya ka tafi gona. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Allah ya yi, Almu. Ya ba ka, ni na karɓe na kai wa Labbo. Ban taɓa neman gafararka ba, don uba na jin nauyin haka. Yau ina nema, ka yafe mini.

Bayan kwana biyu na ga takardar nan cikin sharar tsakar gida, a ninke yadda ka ninke ta. Na ɗauka na karkaɗe na sa aljihun dama. Ban san me zan yi da ita ba a lokacin. Duk rigar da na sauya sai in mayar da ita ciki.

Ka sani, Labbo yana nan a jami'a yana jiranka. Ba zai zo da jar hula ba, ba kalangu a bayansa. Zai dafa kafaɗarka ya ce, "Babban yaro! Ai ku Sakkwatawa masu albasa ku ke da kuɗi." Duk wanda yabonsa ke tashi daidai lokacin da hannunka ke shiga aljihu, to Labbo ne, ko da littafi yake riƙe. Kuma kada ka ji tsoron dariyar taro. Dariyar da na guje wa ranar nan da kafin magariba an manta da ita, amma kai shekara uku ta ci maka. Kuɗin da an riga an yanka musu aiki, kada ka kai su inda ake nishaɗi, ko da ka rantse ba za ka taɓa ba.

Kana tsammanin daga nan na shiryu? Ina! Shekarar da ta biyo baya ka ƙi sake zana jarrabawa, ka ce noma ya ishe ka. Na san ba noma ka zaɓa ba, daina yarda da ni ka yi, kuma da gaskiyarka. Na ce sai na nuna maka. Na sayi asusun ƙasa, ban kai wata biyu ba na fasa shi, na ce ai nawa ne. Na buɗe ajiya a banki, sai ga ajiyar cikin waya. Da can sai na zura hannu gaba ɗaya, yanzu yatsa guda ya isa. Daga ƙarshe na rantse da Allah ba zan sake taɓa kuɗin makaranta ba. Kwana goma sha tara rantsuwar ta yi. Na je wurin liman kai a sunkuye, ya ce kaffara ita ce ciyar da miskinai goma. Ka san abin da ubanka ya yi? Mutum talatin na ciyar, da nama! Innarka ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga wanda tubanai ya hi zunubinai tsada."

Dariya ce, amma a nan na gane abin da nake so ka riƙe fiye da duk abin da ke cikin takardar ga. Mai hali irin namu kada ya dogara da ƙarfin zuciya. Niyyarmu da safe kyakkyawa ce, kafin la'asar ta narke. Akuya ba a yi mata wa'azi a bakin gona, ɗaure ta ake yi. Ba abin kunya ba ne mutum ya san inda yake da rauni. Abin kunya shi ne ya sani, ya ci gaba da gwada kansa da abin wani.

Wanda ya riƙe mini igiyar shi ne kawunka Sanda, yayan innarka. Shekara ashirin ina yi masa dariya a bayan ido, ina kiransa ƙanƙamo, ina cewa in ya riƙe naira sai ta yi kuka. Amma shi 'ya'yansa biyu sun gama karatu ba wanda ya ji motsinsa. Wata safiya, albasa na cikin fangali ba ta kai cira ba, na hau babur na tafi Dandin Mahe. Na tuɓe takalmi, na zauna ƙasa, na ce, "Yaya, na zo ka koya mini rowa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Garba, kai ba ka iya ɗaurin kuɗɗi ba, kuma ba ka koyonai da hurhura. Amma ban taɓa jin albasa ta lalace hannunka ba. To mi ak kai ka maishe ta kuɗɗi tun ba a buƙata? Bar ta albasa."

Na ce, "Yaya, ai na taɓa yin rudu na ajiyar albasa a gida. Sati uku ya yi na kira dillali."

Ya ce, "Ba Danchadi za a yi shi ba. Nan, bayan gidana. Kuma ba a kwance zana sai mu uku muna tsaye, ni da kai da ƙanwata. In ka yarda, to. In ba ka yarda ba, sha ruwa ka koma."

Na yarda. Kai ka sare itacen, ka san yadda munka yi: munka kafa turaku, munka ɗaga dandamali daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, munka shimfiɗa kara, munka yi jinka ta ciyawa, munka kewaye da zana. Ranar na ji kana tambayar kawunka rudun na mene ne. Ya ce na makarantarka ne, kuma ba hannuna ke riƙe da shi ba. Sati na zagayowa na ga ka fiddo littattafanka daga kwali kana kaɗe su, innarka kuma ta sayar da tunkiyarta ta biya maka kuɗin jarrabawa. Da anka cire albasa na ware wadda za ta riƙe gida, sauran duka, manya masu ƙarfin ɓawo, munka kwasa zuwa Dandin Mahe.

Ka ga dabarar? Albasa ba a liƙa ta a goshin makaɗi. Mai shayi ba ya karɓar ta, mai hula ba ya karɓar ta. Kafin ta zama kuɗi sai na ƙona mai zuwa Dandin Mahe, na wuce Sanda, na wuce innarka, na nemo dillali, kafin nan ƙaiƙayin ya kwanta. Duk sati biyu ina zuwa in juya ta, in tsince wadda ta fara laushi tun ba ta shafi ta kusa da ita ba. Wata ta ruɓe, wata ta motse, na ji zafi amma ban fasa ba. Abin mamaki, daɗin nan da nake ji in aljihu ya yi nauyi, sai na fara jinsa in na leƙa ta zana na ga albasa jibge. Kai ma in ka yi ajiya kada ka jefar ka manta. Ka riƙa dubawa, ido na son ya ga abin da hannu ya haƙura dominsa.

Ga wadda ba ka sani ba, ko innarka ba ta sani ba sai in kawunka ya gaya mata, kuma ban ga alama ba. Ana saura kwana goma Babbar Sallah babur ɗina ya mutu. Ba ragon layya, ba sabuwar riga, ni da ban taɓa hawa idi da rigar bara ba. Sai ga dillali ya zo har gida da maganar zuma, wai a sayar da rabi, ai rabin zai isa makaranta. Zuciyata ta ce gaskiya ne. Na ɗauki kabu-kabu, dillali na bina a baya, sai Dandin Mahe. Na ishe kawunka yana gyaran garma. Na yi lallashi, na kawo hadisin layya, na kawo mutuncin gida. Yana ta aikinsa. Raina ya ɓaci na ce, "Wai albasar ga tawa ce ko taka?"

Ya ɗago ya ce, "Taka ta. Tahi ka zo da ƙanwata. In ta ce a buɗe, ni da kaina ni ka kwance zana."

Na fito ina huci, ina cewa yau za a yi ta ta ƙare. Na zura hannu aljihu in biya mai kabu-kabu ya kai ni in ɗauko innarka, sai yatsuna sunka ci karo da takardar nan. Na fiddo ta. Ta yi laushi, ninkin ya fara yagewa, amma sunanka na nan raɗau: Almustafa Garba. Na nemi gindin dogon yaro na zauna. Na ji muryarka tana cewa, "Ba komai, Baba." Na ce wa raina, Garba, so kake yaron nan ya sake faɗa maka haka? Na daɗe zaune, sannan na tashi na ce wa dillali ya yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce. Na koma na ce wa kawunka, "Yaya, a bar ta." Ya ce, "Da ma ba a taɓa ta ba," ya ci gaba da gyaran garmarsa.

Sallar nan da ɗan taure na yi layya, da rigar bara na hau idi, a ƙafa. 'Yan majalisa sunka yi ta zolayata, wai ruwan fadama ya ja baya. Na yi dariya tare da su. Ka san me ya same ni? Ba komai. Ban mutu ba, ban yi ciwo ba, washegari kowa ya koma harkarsa. Shekara talatin ina sayen abin da ashe kyauta ake samunsa.

Daga nan Allah ya buɗe. Damina ta ɗauke, albasa ta yi wuya a kasuwa, 'yan kudu sunka fara shigowa da manyan motoci suna bin ƙauyuka. Sakamakonka ya fito, gurbi ya sake fitowa. Dillalin nan da kansa ya dawo, yanzu har da "ranka shi daɗe." Munka tsaya mu uku bayan gidan kawunka, innarka ta yi bisimilla ta kwance zana da hannunta. Almu, ka ga albasa! Ja wur, ɓawo na ƙara. Abin da buhu ɗaya ya ci ranar, da can sai na haɗa uku ban gan shi ba. Da dillali ya miƙo kuɗi na mayar da hannuna baya na ce a ba Yaya. Ko ƙamshinsu aljihuna bai ji ba. Munka biya munka ɗauke ka, munka wuce banki a Boɗinga, ka biya da hannunka, anka miƙo maka rasit. Na fito aljihu fayau, amma wallahi ban taɓa taka ƙasa da ƙarfi irin na ranar ba. Ni Garba, ni na kai ɗana jami'a da gumin fadamata! Kuma ka ga abin al'ajabi da idonka, ranar Sanda ya saya mana shayi, har da ƙwai.

Kuna gaba kai da innarka, ba ku ga ƙarshen abin ba. Muna ratsa kasuwa sai ga jar hula. Labari ya riga ya kai masa. Ya buɗe murya: "Garba uban ɗan jami'a! Hwadama ta kawo ruwa! Wa ka ja da kai?" Almu, ba zan yi maka ƙarya ba, kafaɗa ta karkata da kanta, hannu ya shige aljihu. Ya taɓo takarda. Sai dariya ta kama ni. Akwai ragowar albasa da innarka ta ƙullo a leda don miya, tana hannuna. Na zaɓo babba guda na ɗora masa a tafin hannu na ce, "Labbo, bana albasa fadama ta yi. Ga rabonka." Kasuwa ta ɗauki shewa. Ya kalli albasa, ya kalle ni, shi ma ya fashe da dariya ya ce, "Wanga ba Garban da nis sani ba na." Ya jefa ta aljihu ya nufi wani.

To, ga yadda munka tsara. Abin da ya rage yana hannun kawunka, zai riƙa turo maka farkon kowane wata. Kada ka wahalar da kanka da kiransa tsakiyar wata, na gwada kafin kai. Waken nan da gero da ƙuli-ƙuli da innarka ta haɗa maka, su ne rudunka. Ranar da kuɗi sunka shigo, a ranar ka maishe su abinci da takardun karatu da sabulu, tun ba su kwana a waya ba. In za ka fita, ɗauki na yini ɗaya ka bar saura. In ka sami wani ɗan aiki a can, ko ka yi hutu ka yi dashe, nemi Dandin Mahenka, wurin da sai ka sha wuya kafin hannunka ya kai. Kuɗin shekara mai zuwa yanzu ake fara tara su, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce ka kashe hannunka ba. Buɗaɗɗen hannu ni'ima ce, kuma ina son ka da shi. In ka ga ɗan ɗakinku ya kwana bai ci ba, zuba masa wake, kada ka jira ya roƙa. Sai dai ka yi kyautarka inda ba kalangu, kuma da abin da yake naka. Wadda na yi a Shagari ba kyauta ba ce, da karatunka na yi ta. Mutane kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba in suna kukan ɗa bai gaji uba ba. Ni kuwa a wanga fanni roƙo nake a faɗa maka haka.

Irin bana ya riga ya tsiro, sati mai zuwa za mu fara dashe. Turakun rudu na biyu na jingine bayan gidan kawunka, ni na sare su da kaina. Kai dai ka yi karatu, shekara ta biyu tana cikin ƙasa tana girma.

Ka duba cikin ambulan, akwai wata takarda a ninke gida huɗu. Ita ce. Yi hankali wurin buɗewa, ta sha gumi. Shekara uku tana gadin aljihuna, sau nawa ta mayar da hannuna ban iya ƙirgawa ba. Ni na sa hoton sabon rasit a madadinta, don har yanzu ban yarda da kaina ba. Ka sa ta aljihun dama, inda hannunka ke shiga in kafaɗa ta karkata. Ranar da ka gama ka dawo mini da ita, mu ba innarka ta hura wuta da ita ta dafa shayi, a kira kawunka, a kira har Labbo. Ranar kam kowa shi sha, kai ka biya.

Allah ya tsare ka zaune da tafe, ya tsare lafiyarka da imaninka da aljihunka. Ya buɗe maka ƙirji, ya haɗa ka da malamai masu tausayi, ya raba ka da abokin da zai kai ka ya baro. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran innarka ko ba ka da labari. Yadda ka fita lafiya Allah ya maido mana kai lafiya, da abin da ka tafi nema a hannu. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai albasa, Danchadi.